Gado a Motar Soja

Ina hango tsohuwar motar soja a gwanjon Funtuwa, sai na ga kaina da Hafsatu, wadda nake nema, muna zaga duniya. Na saya, na kafa gado a ciki, na rataya labule ruwan hoda.

Da motar na tafi zance wajen Hafsatu a garin Dayi, har na buɗe wa mahaifinta, Malam Sale, don ya sa albarka. Ya daɗe yana kallon gadon.

"Yaro, zance ka zo ko tarewa?"

Ya hana ni ganin Hafsatu sai da kawuna ya je ban haƙuri.

Yanzu ya tsufa, jikokinsa sun cika gidana. Amma in na durƙusa gaishe shi, sai ya leƙa bayana: "Yau ba ka taho da gadon ba?"