Yadda Za Ki Rubuta Tarihin Ƙungiyar Nas-Nas Ba Tare da Kin Ɓata wa Kowa Rai Ba

Ke da aka kira ofis aka ce miki, "Ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya za ta cika shekara hamsin, ke za ki rubuta tarihi ki karanta ranar taro," share hawayenki. Na riga ki shan wannan maganin. Ki bi matakan nan daki-daki, na ba ki tabbacin babu tsohuwar da za ta yi fushi da ke. Ko da kuwa mutum biyu ne kacal suka rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ɗaya gwaggonki da ta raine ki, ɗaya uwar mijinki, kuma rabonsu da gaisawa tun ba a haife ki ba. Nawa lamarin ke nan. Ko a bikina ta bakin 'yan aike suka yi magana.

1. Ki karɓa da murmushi

Kada ki ce a'a, Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ba ta san wannan kalmar ba. Ni da na ce, "Ranki ya daɗe, ai kin san tsakanin Gwaggo da Umma," ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Shi ya sa muka zaɓe ki. Ke kaɗai ke shiga gidajen biyu ki fito da ranki."

2. Ki fara da uwar miji

Gwaggo in ta yi fushi jini zai sauko da ita. Uwar miji kuwa sai an haɗa da addu'a.

Ki zauna a ƙasa, ki buɗe biro, ki riƙa gyaɗa kai. Umma ta ce min a zamaninsu duk wadda ta ɗinka farar riga ta zama nas. Wani mai shagon magani a bakin tasha ya soka wa wata yarinya allura inda bai kamata ba, ƙafar ta shanye. Umma ce ta karɓe ta a asibiti. A makon nan ta fara bin abokan aiki ɗaya-ɗaya.

"A ɗakina aka yi taron farko. A kan tabarmata."

"Umma, su wa suka zo?"

"Mu da yawa." Ta kau da kai. "Da waccan."

Ki rubuta "tabarma". Kada ki tambayi wace ce waccan.

3. Ki je wa gwaggo, ki nuna kamar ita kika fara zuwa wa

Ba ƙarya za ki yi ba, shiru za ki yi a inda ya dace.

"Wace tabarma?" in ji Gwaggo. Ashe ta leƙa takardata. "A barandar ɗakin wanki na asibiti muka fara. Ni na buga dokokin da yatsa biyu. Ni na hau bayan babbar mota na zaga larduna uku ina tara nas-nas. Ni na tare a ƙofar ma'aikatar lafiya har masinja ya fara ajiye min kujera, sai da suka kafa hukuma: a yi jarrabawa, a ba da lasisi, wanda ya yi wasa da ran mutane a karɓe. Surukarki shayi ta dafa."

Ki rubuta "baranda" a gefen "tabarma". Masana sun ce tarihi kamar zazzaɓi ne, ya danganta da inda aka sa ma'aunin.

4. In kin tono abin da aka binne, ki mayar da ƙasa

Kuskurena ɗaya, na tambayi maigidana abin da ya raba su. Yana cikin guga ya ajiye dutsen.

Yana ɗan firamare lokacin, aka tura Umma wani ƙaramin asibitin ƙauye. Wata rana da hantsi mai jego ta ɓalle da zubar jini. Likita yana ƙetaren kogi, ruwa ya cinye gada. Umma ta buɗe akwatin maganin da doka ta ce sai da umarnin likita, ta yi abin da ta ga likitoci na yi. Matar ta tashi. Amma doka doka ce, kuma su biyun suka tsara ta. Ƙarar farko da ta zo gaban kwamitin ladabtarwa ita ce ta Umma. Shugabar kwamitin kuwa Gwaggo, aminiyarta da suke cin abinci kwano ɗaya. Aka dakatar da Umma shekara guda.

"Duk mako sai ta wanke farar rigar ta goge," in ji shi. "Ta rataye a bayan ƙofa. Ba inda za ta da ita."

Ki yi kukanki a banɗaki, ki wanke fuska. Wannan ba ya shiga littafi.

5. Ki riƙe "aka" hannu bibbiyu

Nan ne sirrin sana'ar. Harshenmu ya yi mana gata da kalmar da ke aiki ba ta da fuska. Aka ga ɓarna. Aka taru a wani wuri mai albarka. Aka rubuta dokoki. Aka kafa hukuma. Shekarar dakatarwa kuwa: aka fuskanci 'yan ƙalubale, aka wuce. Shafi goma na cika, ban ambaci mutum ko ɗaya ba. Metiron ta karanta ta ce ba ta taɓa ganin tarihi mai lafiya irin wannan ba.

6. Ranar taro, ki raba su

Ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, ki cika tsakani da ɗalibai. Ki karanta da sauri kamar mai miƙa aiki ga waɗanda suka zo canjin ta.

7. In sanda ta bugi ƙasa, kada ki saki makirfo

Ni na saki.

Ina shafi na huɗu na ji ƙwas! Umma ce.

"'Yar nan, dakata. Wai wace ce wannan Aka ɗin? Na yi aiki a asibiti bakwai, ban taɓa haɗuwa da ita ba."

Daga ɗaya bangon Gwaggo ta ce, "Ni ma."

Tsofaffin ma'aikata sun san abin da suka ji: karon farko ke nan da bakin su biyun ya zo ɗaya. Gwaggo ta taso tana jan ƙafa, ta zare makirfo daga hannuna kamar tana karɓe almakashi a hannun yaro. Ta ba ɗalibai labarin mai jegon kaf, har da gadar.

"Ni na sa hannu a takardar dakatarwa," ta ce. "Da ni ce a ɗakin nan, abin da ta yi zan yi. Amma da na ƙyale ta don ƙawata ce, da dokar ta mutu ranar sunanta. Sashen nan da kuke haddacewa, wanda ya ba nas izinin ceton rai in babu likita, saboda ita na yi ta faɗa har aka saka shi."

Umma ba ta buƙaci makirfo ba.

"Ni na taɓa cewa kin yi kuskure? Da ni ce a kujerar, shekara biyu zan ba ki. Zuwa ne ba ki yi ba. Shekara guda ina zaune, ƙofata a buɗe."

Gwaggo ta sauke makirfon. "Kunya ce."

"Kunya." Umma ta ja tsaki, ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke gefenta. "Zo ki zauna, ƙafarki rawa take. Kina shan maganinki kuwa?"

Ba wanda ya nemi jin sauran shafi shidan.

8. Ki rungumi sakamako

Mota ɗaya suka shiga, ana jiyo su har bakin titi: tabarma, baranda, tabarma, baranda. Wannan har gobe ba a warware ba. Abin da suka daidaita a kai shi ne ban iya rubutu ba, kuma tarbiyyata da sauran gyara, kowacce na ɗora laifin a gidan ɗayar. Yanzu duk Asabar Gwaggo na falon Umma, ni ina ƙasa da biro, suna faɗa ina rubutawa, da sunan kowa da laifin kowa.

Gargaɗi

Marubuciya ba ta ɗauki alhakin hawan jini, jefe-jefen sanda, ko sulhun da ba a shirya masa ba. Tabbacin da na bayar a sama ya daina aiki daga lokacin da tsohuwa ta gyara zaman tabarau. Wadda ta bi shawarata ta wayi gari gwaggonta da surukarta sun haɗe mata kai, kada ta neme ni. Asabar ana yi min gyara, sauran ranaku ina bakin aiki, kuma asibitinmu ba ya kwantar da mai irin wannan ciwon.