Ɗankwalin Awawu a Cikin Inji

Ga ta nan ga ta nanku, jikokina. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, ta yau a kan ruwa take.

Makon jiya jirgin ruwan da ke kwasar ma'aikata daga Al Wakrah, can ƙasar Larabawa, zuwa wani otal na tsibiri ya sake macewa a tsakiyar teku, karo na huɗu ke nan bana. A ciki akwai maƙwabciyata Awawu 'yar Kumasi, mai gyaran ɗakuna, da Mutala kuku, wanda ke da takardar gargaɗi biyu saboda makara. Ta uku kuwa, khalas, wato shi ke nan, sai tikitin gida, ga 'ya'ya huɗu a makaranta.

Kada ku ce manyan kamfanin ba sa aiki, Allah ya ja zamaninsu. Mutuwar farko, fenti suka shafa wa jirgin. Ta biyu, suka sauya masa suna, aka ci shinkafa da rago. Ta uku, jirgi ya yi ta juyi kamar waina a tanda, har masu sallar azahar suka rasa gabas. Tausayi ya kama Mai Girma Babban Manaja, ya sa aka kafa allon lantarki mai nuna alƙibla. Inji kuwa dattijo ne, su kuma masu ladabi, ba sa taɓa dattijo.

Mutala, da ya shekara goma yana injin niƙa a Zangon Kumasi, ya leƙa ya ga bel ne ya tsinke.

"Yaya Awawu, ba ni ɗankwalinki."

"Kai Mutala, kanka ɗaya? Tsarabar Makka ce fa!"

"Ko ta Madina ce. Saura rabin awa a dangwala yatsa a na'urar shiga aiki."

Matuƙi ya ce doka ta hana kowa taɓa inji sai injiniya.

"Ina injiniyan?" in ji Awawu.

"Yana taron sayo allo na biyu."

Sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta miƙa ɗankwali. Mutala ya murɗe shi ya ɗaure tamau. Dattijo ya yi tari, ya tashi.

Mutala ya dangwala yatsa saura minti biyu, yana nan bakin aikinsa. Matuƙi ya rantse bai ga komai ba. Mai Girma ya karɓi lambar yabo ta sabuwar fasaha. Ɗankwali kuwa har yau yana cikin inji yana aiki, Awawu na jiran ya yi ritaya.