Janar a Bakin Ƙofa

Duk mai zuwa shagon gem na Mansir a Tudun Wadan Gusau ya san Zayyanu. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Shi ya raɗa wa kansa Janar, kuma shi kaɗai ke zama kan kujerar da ke ƙarƙashin fanka, wai gwani ba ya wasa cikin zufa.

Da aka kawo sabon gem na yaƙin taurari, wanda mutum ke tuƙa jirgi daga wannan duniya zuwa waccan, sai bakin Janar ya buɗe.

"Sau uku na ƙare shi," in ji shi. "Hotonsa dai ba laifi, kamar ka kai hannu ka taɓa. Amma surutu ya kashe shi. Kowa ka tarar sai ya tsare ka da zance kamar dillaliya. Gem ai harbi ne."

Ƙarya ce tsagwaronta. A waya yake kallon yadda wasu ke bugawa, yana tsallake duk inda ake magana, ya haddace wuraren faɗa, ya zo shago ya zuba. A gida kuwa mako shida ke nan yana fama da ƙofar farko, ko warin jirgin bai ji ba.

To, baki shi ke yanka wuya. Mansir ya sayo ƙatuwar talabijin, ya shelanta cewa ranar Asabar bayan la'asar Janar zai nuna wa jama'a yaƙin ƙarshe. Zayyanu ya shiga neman mafita, don in asiri ya tonu, sunan Janar da kujera duk sun tafi. Sai ya tuna ba a taɓa barin wuta a unguwar ran Asabar da yamma ba. Ya saki ransa.

Asabar ta zo, shago ya cika maƙil. Har Baba Tanimu mai facin taya ya shigo shan iska. Zayyanu na ɗaukar hannun gem, ɗif, aka ɗauke wuta. Ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Allah bai nufa ba."

"Zauna," in ji Mansir. "Jiya na sa sola."

"Ai inda na tsaya yana can a gida."

"Shiga da sunanka, zai biyo ka."

Ya shiga da sunansa. Shi wannan gem, duk surutunsa, ba ya mantuwa. Sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a talabijin: awa sittin da uku, bakin ƙofar farko.

Kowa ya juyo yana kallon Janar.

"Ai aibin gem ɗin ke nan," in ji Zayyanu, yana share goshi. "Ƙofar nan a lalace suka yi ta. Sai gwani."

Ya buɗe mata wuta, tau-tau-tau. Ya jefa gurneti, dum. Ya ja baya ya taho a guje ya banke ta. Ƙofa ko gezau. Gefenta kuwa wani mutum-mutumi na ƙarfe yana tsaye, duk jikinsa tabon harsashi.

Baba Tanimu, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba a rayuwarsa, ya nuna shi da leɓe.

"Wancan na tsaye, mai gadi ne?"

"Shi ne, Baba," in ji Mansir.

"To an yi masa sallama?"

Zayyanu ya ja tsaki. "Baba, yaƙin taurari ake, ba zaman zaure ba."

Mansir ya miƙa yatsa ya danna maɓallin magana. Mai gadi ya juyo, ya yi Turanci cikin ladabi.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce barka da zuwa. Ya ce ga mabuɗi, tun ranar farko yake riƙe da shi."

Ƙiii, ƙofa ta buɗe, ga jirgi yana walƙiya.

Dariya ta ɓarke har masu shayi na tsallaken titi suka leƙo. Zayyanu ya tashi yana laluben takalmi. Baba Tanimu ya gyara riga, ya zauna daram kan kujerar fanka, ya dube shi sama da ƙasa.

"Awa sittin da uku a ƙofar mutane ba sallama? Janar, ko akuya in ta daɗe a bakin ƙofa takan yi kuka."