Binciken da Na Yi a Kan Tsohon Soja

A hutun bara na shiga wani wasan yaƙi na waya, inda wani mai laƙabin Tsohon Soja yake tare mini hanya kullum har a harbe ni. Da yake na karanci littattafan 'yan sandan ciki, sai na tara hujjoji: in rezon waya ya ɗauke a Filinge shi ma ya ɓace, kuma ba ya wasa lokacin azahar. Na yanke hukunci cewa Mushe Hamidu ne, malamin lissafin lakwal ɗin da nake koyarwa, wanda dama ban yarda da murmushinsa ba.

Mako guda ina jefa masa gurneti, alhali ɓangarenmu ɗaya. Ran Lahadi na buɗe murya a cikin wasan na ce, "Tsohon banza, tafi kiwon awaki."

Can muryar da ta ba ni auren Hadiza ta ce, "Mushe, ina iyali?"

Ni da ko ruwa ban taɓa sha gaban surukina ba. Na aika goro gidansa, ya karɓa.

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya dubi hannuna ya ce wa abokan hirarsa, "Ku matsa, ban san me ya riƙo ba."