Gurasar Injiniya Tanimu

Wani mutum ne a Fagge, Tanimu, ba ya amsa kira sai ka haɗa da Injiniya. Injiniyancin kuwa bai wuce canza batirin tocila ba. Amma in ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa wutar lantarki.

Da matarsa Lantana ta sami aikin jinya a Ingila, sai ya bi ta, suka sauka gidan yayanta, Alhaji Mudi. Tun daga ƙofar kicin gogan ya fara.

"Yaya, wannan firjin ai tsohon yayi ne. Irinsa nawa na kwance na ɗaura!"

Alhaji ya yi murmushi kawai.

Ran nan za a yi suna gidan wani Bakano, Tanimu ba hular kirki. Alhaji ya ba shi aron tasa, mai aikin zaren zinare, wadda ya gada wajen mahaifinsu. Ya ce, "Don Allah a lallaɓa ta." Ya tafi aski.

Tanimu ya juya hula, ya taɓe baki, wai ba ta ji sitaci ba. Ya wanke ta, ya dama sitaci ya shafe ta, ya kifa ta a kan kwanon silba yadda masu wankin hula ke yi, ya ajiye bakin taga tana jiran rana. Rana a Ingila! Tun safe ba abin da ake sai yayyafi. Lokaci na tafiya, hula sharkaf.

Can idonsa ya faɗa kan akwatin ɗumama abinci.

Lantana ta ce, "Injiniya, wannan fa na abinci ne."

"Ke, zafi ai zafi ne. Rana ce aka ɗure a akwati. Je ki yi kwalliyarki."

Ya tura hula har da kwanon, ya murɗa har ƙarshe. Tas! Tas! Farrr! Tartsatsi kamar shagon mai walda. Kafin ka ce me, hayaƙi ya turnuƙe, wani abu a jikin silin ya ɗauki ihu, ƙiii! ƙiii!

Lantana ta fito da gudu. "Na shiga uku! Mene ne wannan?"

"Kwantar da hankalinki," in ji shi yana tari. "Sanarwa ce, ta bushe."

Ta bushe kam. Ya ciro wani abu baƙi ƙirin, zagayayye, ya lotse. Ya yi wuf ya ɗora a faranti, ga maƙwabta sun cika ƙofa, ga 'yan kwana-kwana, ga Alhaji ya dawo yana haki.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Gurasa na ɗumama, ta ɗan kama."

"Hular fa?"

"Tana sama a ajiye, ko ƙuda bai taɓa ta ba."

Wani ɗan kwana-kwana ya ɗaga farantin yana tambaya da Turanci. Alhaji ya karɓa, ya duba, sai ga zaren zinare na ƙyalli a gefe. Ransa ya sosu ƙwarai, amma bai ɗaga murya ba.

"Lantana, kawo garin ƙuli da man gyaɗa."

Ya barbaɗa, ya yarfa mai, ya miƙa.

"Baturen nan cewa yake bai taɓa ganin yadda ake cin gurasa ba. Bismillah, Injiniya."

Tanimu ya dubi ƙofa, a cike. Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Mai baki irin nasa kuwa ba ya janye magana. Ya runtse ido ya gatsa, ƙurus! Ya ja, zare ya biyo haƙori, yana ja yana ƙara tsawo.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Ci a hankali, Injiniya. Allah sarki Baba, duk rayuwarsa a kai yake ɗora ta, bai san ana ci ba!"