Biskit ɗin da Bukar Bai Ci Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗan cikina, yaron da bai wuce shekara uku ba, ya tona mini asiri a gaban likita da nas da yayar mijina. Har yau in na tuna sai in rasa wanda zan fi jin haushi: kaina, ko garin, ko biskit.

A unguwar Gomari muke lokacin, shekarun tashin hankalin nan da aka hana hawa babur aka kuma yanke sabis ɗin waya. Bukar yaro ne mai kuka, ni kuma dabara ɗaya na sani. Da harbi ya tashi sai in cusa masa fida, kwalbar nan ta shayar da jarirai, cike da shayi mai sukari, ya yi shiru. Da ita yake barci, da ita yake tashi. (Kada wanda ya yi mini wa'azi. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin gado da yaro mai tsala ihu ba, ya riƙe shawararsa.) Haƙoransa na gaba suka yi baƙi suna gutsurewa, na ciki suka yi kogo, har tuwo ya gagare shi.

Babansa ya tafi Kano saro kaya, ba hanyar kiransa, don haka yayarsa, Ya Falmata, ita ta raka ni wurin likitan haƙori. Likitan ya leƙa bakin ya ce hanya biyu ce. Ko a ba shi magani ya sha, jikinsa ya mutu ya yi luf amma bai yi nisa ba, a yi aikin kaɗan-kaɗan, mu yi ta dawowa. Ko a yi masa allurar barci, ya tafi gaba ɗaya, a gama komai a zama ɗaya. Ya ce da ɗansa ne, da yawan haƙoran nan, allura zai zaɓa.

Ina jin "ya tafi gaba ɗaya" sai na hau girgiza kai. A shekarar nan na ga mutane kwance ba motsi fiye da yadda ya kamata mai shekaruna ta gani. Na ce wallahi ba wanda zai kwantar mini da ɗa haka. Ya Falmata ta ce, "Ke, bi maganar likita mana." Na ce mata na yi bayoloji a sakandare, na san abin da nake yi. (Bayolojin da da ƙyar na ci.) Aka sa mana rana. Nas ta biyo mu har ƙofa tana cewa, "Maman Bukar, ko wanne kika zaɓa, ki kawo shi ciki ba komai. Ko madara kada ya sha." Na ce to. A raina kuwa na yanke cewa dokar ta masu allura ce, mu masu ɗan maganin sha an haɗa da mu ne kawai.

Duk da haka ranar na hana shi kari. Tun daga gida yake ihu, yunwa ga ciwon haƙori. Muka iso shingen bincike, inda dole kowa ya sauka daga keke mai ƙafa uku ya taka da ƙafa, hannu a sama. Ya Falmata ta riga ni wucewa. Ni ga hannu a sama, ga yaro a baya yana harbin ƙuguna yana ƙara kamar ana yanka shi. Sai na ga wani soja ya baro buhunan yashi ya nufo ni. Na fara kalmar shahada. Ya sa hannu a aljihu, na rufe ido.

Biskit ya fito da shi.

"Yaro, ci, ka yi shiru," in ji shi da gurguwar Hausarsa.

Ku faɗa mini, da wane bakin zan ce wa mai bindiga a'a? Har "na gode, ranka ya daɗe" na ce. Kafin mu kai ga keken Bukar ya cinye tas. Na goge masa baki da gefen mayafi, na raɗa masa: "Ba ka ci biskit ba, ka ji? In an tambaye ka, ba ka ci ba." Ya gyaɗa kai kamar babban mutum. Na ji daɗi, wai ni mai wayo.

A asibiti nas ta tambaya, "Ya ci wani abu?" Na kalli tsakiyar idonta na ce, "Ko ruwa." Aka ɗora shi a cinyata a kan kujerar nan mai kwanciya. Likita ya shigo da maganin a ɗan kofi, ya durƙusa ya ce, "Bukar, abokina, ka zo?"

Bukar ya buɗe murya: "Ban ci biskit ba!"

Ba wanda ya tambaye shi. Wallahi ba wanda ya tambaye shi.

Likita ya ce, "Wane biskit?"

"Na soja. Mama ta ce ban ci ba."

Na yi dariyar da ni kaina ban gane ta ba, na ce yara da shirme. Likita ya haska bakin da fitila. Ga biskit nan ya cika kowane kogo, kamar an yi yaɓe.

Da ya yi mini tsawa da na fi so. Ajiye kofin ya yi, ya ce a hankali, "Baiwar Allah, in jikinsa ya mutu ya yi amai, ba zai iya tofarwa ba. Cikin huhunsa aman zai wuce. Abin da kike gudu a allura, shi kika ɗauko da hannunki kika kawo mini." Ya Falmata ta tafa hannu: "La'ilaha! Mai bayoloji! Ki kashe mana ɗa saboda biskit?" Ƙofa a buɗe, matan da ke layi duk sun miƙo wuya. Na fashe da kuka, Bukar ya dafa kumatuna yana cewa, "Mama, ban ci ba ai."

Na roƙi mu jira cikin ya sauka. Aka ce kafin nan, a yi aiki, ya wartsake, dokar hana fita ta kama mu a hanya. Ma'aikacin da ke kula da yara in an ba su maganin barci kuwa ba kullum yake zuwa ba, abokan aikinsa da yawa sun bar gari. Aka ɗaga mana rana. Kafin ta zo kuncin Bukar ya kumbura, ya koma shan koko da gefen baki. Duk kukan da ya yi a makonnin nan, na san wadda ta jawo shi.

Da muka koma, allurar na zaɓa, bayan na yi wa likita tambayoyin da ya kamata in yi tun farko. A shingen nan kuma Bukar ya sake ɓarkewa da ihu, sojan nan dai ya sake nufo mu da hannu a aljihu. Na dake na ce, "Ranka ya daɗe, a'a. Aiki za a yi masa, likita ya hana."

Ya ce, "Ayya. Allah ba shi lafiya." Ya miƙo mini biskit ɗin. "Riƙe, in ya tashi."

Shi ke nan fa! Abin da na kasa faɗa ke nan har na kusa halaka ɗana.

An cire na gaban, an cike sauran. Na zauna a bakin ƙofa ina karanto duk addu'ar da na sani har aka ce ya farka. Fidar kuwa tuni na jefa ta a shara. Yanzu wawulo gare shi, kuma duk ranar da Ya Falmata ta zo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "Bukar, ka ci biskit?" Shi kuma ya ce, "Ban ci ba!" su kwashe da dariya, ni ina cika ina batsewa.

Na dai koyi darasi. Ashe ana iya ce wa mai bindiga a'a a wuce lafiya. Ɗan shekara uku ne ba a haɗa baki da shi.