Darasin Wari a Yanar Gizo

A wani daji da ya yi iyaka da gonakin mutane, akwai jami'ar dabbobi, inda Malama Gafiya ta shekara goma sha tara tana koyar da sanin warin guba. Takan ajiye wa ɗalibai gyaɗa biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya an shafa mata maganin ɓera, su yi ta shinshina har hancinsu ya waye. Duk wanda ta yaye ba ya mutuwa a rumbun manomi.

Ana nan sai majalisar jami'a ta yanke cewa a raba kowane darasi biyu, rabi a aji, rabi a yanar gizo. Malamin da bai kawo tsarinsa kafin damina ba, za a rufe darasinsa. Hankalin Gafiya ya tashi ƙwarai, don yanar gizo tana ɗaukar murya da hoto, amma ba ta ɗaukar wari. Idan aka rufe darasin, 'ya'yan ɓeraye za su shiga kaka suna cin duk abin da suka tsinta.

Ta nufi Cibiyar Tallafa wa Malamai. Shugabar wurin, Farfesa Hawainiya, ta tarbe ta da fara'a, ido ɗaya a kanta, ɗaya a ƙofa ko wani babba zai shigo.

"Malama, kin zo gida," in ji Hawainiya. "Gauraya abubuwa ai sana'armu ce, ni kaina yau sau uku na sauya launi. Za mu shirya miki taron bita na kwana biyar, ki cike wannan takarda, sannan kwamiti ya zauna ya duba ko ta dace da takardar da za mu fitar nan gaba."

"Ranki ya daɗe, wari fa? Yaya zan tura shi?"

"Kai, wannan tambaya ta yi kyau! Za mu tattauna ta a taro."

Gafiya ta fito da takardar a hannu. A bakin ƙofa sai Bushiya ta ce mata ta ɗan zauna. Ita ce tsohuwar ma'aikaciyar cibiyar, wadda ba a taɓa kira ba idan za a ɗauki hoto.

"Malama, darasinki awa nawa ne?"

"Biyu."

"A ciki, minti nawa ake shinshina gyaɗa?"

Kunya ta kama Gafiya. "Kamar arba'in."

"Sauran fa?"

"To, nasiha. Da labarin yadda na kuɓuta daga wani rumbu shekarar fari. Da yadda ɗaliban dā suka fi na yanzu ladabi."

"Madalla," in ji Bushiya. "Wannan duk murya ce, yanar gizo za ta ɗauka ba ta gaji ba. Ki zuba shi can, ki bar hanci a aji. Kawo takardar mu cike yanzu."

Gafiya ta sauke ajiyar zuciya, har da 'yar dariya, duk da maganar ta ɗan sosa mata rai. Kwamiti ya amince da tsarin a zama ɗaya. Kaka ta zo ta wuce, aka ƙirga ɗalibai, babu ko ɗaya da ya mutu a rumbu. A ranar, Gafiya ta ci gyaɗa har ta ƙoshi, bayan ta shinshina.

Rabin da ke yanar gizo kuwa, har yau babu ɗalibin da ya buɗe shi. Shi ne ya jawo wa Farfesa Hawainiya lambar yabo.